Wa Zai Fara Taka Kadarko

Abin da ya fara ɓata wa Baba Ƙulli rai a bana gada ce. Tun daga gaban lorin da ta kwaso tantuna ya hango ta, sabuwa fil, ta siminti, har da ƙarafan dafawa da aka shafe da shuɗin fenti, ta yi ɗare-ɗare a kan rafin sansani kamar tun fil azal a nan take. Direba ya washe baki, ya ce yau kam babu sauke kaya a baki a ɗauka a ka. Baba Ƙulli ya ce masa ya dubi hanya.

Shi tela ne. Duk shekara, da makarantu sun yi dogon hutu, sai ya garƙame shago, ya bar masu ɗinki suna cizon yatsa, ya ɗaura ƙyallen wuya ya nufi sansanin 'yan sikawut. Tun yana ɗan mitsitsi cikin gajeren wandon da ya fi shi girma yake zuwa. Iyayen yaran bana ma shi ya koya musu ƙulla igiya, daga nan sunan ya bi shi. Sunansa na yanka kuwa sai dai a katin asibiti.

Kada a zalunci mutumin a ce ba ya haƙuri da sabon abu. Yana yi, sai dai da mita. An kawo tantin zamani wanda ake jefawa ƙasa ya miƙe da kansa, ya yi mita ya kwana a ciki. Fitilar sola ta kori ta kananzir, ya yi mita, amma da ita yake zura zare a allura. Tsohon ƙarfen tayar da ake bugawa don tada yara, wata shekara aka manta shi a sito aka yi amfani da lasifika, shi ke nan bai sake fitowa ba. Da aka fara kawo 'yan mata, aka kafa musu tantuna a ɗaya gefen fili, mako guda ya yi yana shan kunu. Da ya ga ƙullinsu ya fi na maza kyau sai ya koma gaya wa kowa cewa dama shi ya daɗe yana faɗa.

Abu ɗaya ne ya rage yadda ya same shi, shi ne kadarko. Ana gobe za a watse, yara kan haɗa kadarko a kan rafi da gora da igiya, babu ƙusa ko ɗaya. Kowa na iya sa hannu, amma babu mai bin bayan wani ya duba masa ƙulli, ko da malami ne. Wanda ya fi kowa tsufa a sansanin kuma zai zauna a kujera a gindin bishiya tun safe, ya ba rafi baya, ba waiwaye, ba tambaya. Idan an gama a busa usur, ya tashi, shi zai fara takawa. Rafin ba shi da zurfin kirki, iyakarsa ƙirji, amma akwai duwatsu a ƙasa da laka mai riƙe takalmi. Hikimar abin ba ta buƙatar dogon bayani. Yaron da ya san ƙafar tsohon da ke ba shi alewa ce za ta hau ƙullinsa, ba sai an tsaya masa a kai ba.

Tun da tsohon malaminsu ya rasu Baba Ƙulli ke zama a kujerar, har zanen da aka shimfiɗa mata ya lotsa daidai da shi.

Akwai kuma wata al'adar da babu wanda ya kafa ta. Miyar ranar kadarko gishiri ke yi mata yawa, duk shekara, ba fashi. Yara suna jiranta kamar wasa, suna sha suna yamutsa fuska suna dariya. Tsofaffin 'yan sansani, har masu furfura, in sun haɗu a gari sai ka ji suna tambayar juna ko har yanzu tana nan. Mai girkin, wadda yara ke kira Inna Mai Ludayi, yayar Baba Ƙulli ce ciki ɗaya. Girkinta na sauran ranaku sai lashe yatsa. In an tambaye ta batun miyar ranar, sai ta ce wanda bai ji daɗi ba ga randa can.

Matsalar ta fito ne a faretin safiyar farko. Ana ɗaga tuta, Baba Ƙulli ya ɗaga ƙafa ya buga ƙasa yadda ya saba, gwiwarsa ta dama ta yi wata ƙara da sahun gaba duka suka ji. Ya yi maza ya cafke kafaɗar yaron da ke kusa, ya shiga gyara masa ƙyallen wuya wanda babu abin da ya same shi. Yara sun yarda. Shugabar sansani ce ba ta yarda ba, don ita ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yarsa ce ta cikinsa. Bana aka ba ta ragamar sansanin. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake kiranta Mamana, ita kuma ta ɗauki sunan da gaske fiye da yadda ya yi nufi.

Ba ta ce masa komai ba sai da aka ci rabin kwanakin sansani. Ta same shi a rumfar girki da la'asar, ya miƙe ƙafa a kan buhun albasa yana shan shayi, Inna na tsakiyar yankan tumatir.

"Baba, bana ba za ka hau kadarko ba."

"Sannu da zuwa, Mamana. Gaisuwar ke nan?"

"Ina wuni. Ba za ka hau ba. Na yi magana da likitanka, ya ce ko matakala ka rage hawa. Gwiwar nan in ta gurɗe a tsakiyar gora, ba ruwa nake ji maka ba, duwatsu."

"Likitan nan ni na koya masa ɗaure takalmi."

"Shi ya sa yake son ka ci gaba da sa takalmin."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan da ke gabansa nasa ne, ya gane shi sarai, kuma bai ji daɗin ganinsa a fuskar wani ba. Ta ja kujera ta zauna, ta sassauta murya. Ta ce kwamiti ma sun tada maganar, sun ce tunda ga gada an yi, me ake nema da gora da igiya. In ya yarda, bana kawai a huta, a ba yara ranar su koyi taimakon gaggawa. Ko kuma a haɗa, ita ta bi ƙulli ɗaya bayan ɗaya ta duba, sannan ta hau.

"In kin duba ai ya zama jarrabawa," ya ce. "Yaro zai ɗaure don ya ci maki. In ya kwance, laifin mai dubawa ne."

"To a bari sai baɗi."

"Ƙarfen taya ma baɗi aka ce."

Ya faɗe shi a hankali, don nan ne tsoron yake. Ya san sansanin nan kamar yunwar cikinsa. Abin da aka ajiye shekara ɗaya ba ya dawowa. Yaran baɗi ba za su san an taɓa yi ba, na shekarar gaba kuma za su ji labarin kamar tatsuniya. Kuma shi zai zama sanadi, shi da gwiwarsa. Shayin ya yi masa ɗaci, ya ajiye kofin.

Sai wuƙar Inna ta daina motsi.

"Auta."

Baba Ƙulli ya waiga hagu da dama ya ga ko akwai yaro a kusa. Ya sha roƙonta ta daina kiransa haka a sansani, mutum da jikoki.

"Yaya, magana muke yi."

"Ina ji, ai a rumfata kuke. Maimaita min dokar taku. Wa ke fara hawa?"

"Wanda ya fi kowa tsufa a sansani."

"A sansani."

"Haka ne."

"To rumfar nan a kasuwa take?"

Shugaba ta dubi goggonta, ta dubi babanta, ta sa hannu ta toshe bakinta.

"Tsakanina da kai wa ya goyi wani?" in ji Inna. "Ni na share maka majina, ni na kai ka makaranta kana birgima a hanya. Shekara da shekaru ina kallonka kana zama a kujerata, na ce bari yaro ya ɗan ji daɗi. Tunda gwiwa ta ƙi, tashi ka ba manya wuri."

Gaskiyar magana, tun da ake wannan al'ada babu wanda ya taɓa ƙirgawa da ita. Ba mugunta ba ce. In aka ce tsohon sansani, idon kowa kan tafi wurin masu ƙyallen wuya, ita kuwa nata ƙyallen tukunya take saukewa da shi. An yi ta cin abincinta ana manta cewa ita ma tana tsufa a wurin.

"Yaya, ba ki iya iyo ba."

"Kai ka iya ne? Faɗa wa wanda bai san ka ba."

"Kin fi ni nauyi."

"Sai su ɗaure da kyau."

Ya juya wurin 'yarsa yana neman agaji, ya tabbata za ta hana. Ita kuwa tana kallon ƙafafun goggonta ne da idon sana'a, ƙafafun da ke zuwa kasuwa a ƙasa kullum su dawo da kaya.

"Gwiwar Goggo lafiyarta ƙalau," ta ce. "Amma da sharaɗi. Za ta sa hular kwano, kuma zan ɗaura mata igiyar tsaro a kugu, tawa daban, ni zan riƙe. Kadarkonku ba zan duba ba."

"Hular nan a kan ɗankwali za ta zauna," in ji Inna. "Ban cire wa kowa."

Haka aka yanke maganar a gabansa, ba a nemi sa hannunsa ba. Ya kamata ya yi murna, ga kadarko ya tsira. Ya yi murnar, amma ba ta kai masa zuci ba.

Ranar ta zo da rana mai kyau, bayan yayyafin asuba. Yara suka ɗauko kujera da waƙa, suka dasa Inna a gindin bishiya, ta ba rafi baya, ta ɗora ludayinta a cinya kamar sandar mulki. Girki aka bar wa manyan yara biyu. Shi kuma Baba Ƙulli ya tsinci kansa a tsaye a bakin rafi, hannu rabbana, yana kallon abin da rabonsa da gani tun gashinsa na baƙi. Duk shekarun nan da kunne kawai ya san aikin, ƙarar gora da gardamar yara a bayansa. Ashe yanzu ba sa fara kafa ƙafafu a ruwa yadda aka koya masa, a tudu suke haɗa su su tura. Ya buɗe baki zai yi mita, ya ga dabarar ta fi tasa sauƙi, ya yi tari ya haɗiye.

Wata doguwar yarinya da ke jagorantar aikin ta miƙa masa igiya. "Baba, ga mahaɗar tsakiya, taka ce."

Ya durƙusa a kan gwiwar da ke da lafiya. Yatsun da suka shekara hamsin suna ƙulli ido rufe suka ƙi ba shi haɗin kai. Ya naɗa, ya ja, ya ɗaure, ya duba, ya ga ya yi daidai, ya kwance ya sake. A nan ƙafar Yaya za ta sauka, ƙafar nan mai tabon ƙunar da ta samu ranar da ta fizge shi daga bakin murhu. Ya sake ja har igiya ta ci masa tafin hannu.

Da ya gama nasa sai idonsa ya faɗa kan na maƙwabci, wani ɗan ƙaramin da harshensa ke waje don tsananin himma. Baba Ƙulli ya matsa kaɗan. Ya ƙara matsawa. Ya miƙa ɗan yatsa kamar zai kore ƙuda daga kan ƙullin.

"Baba," in ji doguwar yarinyar. "Doka."

"Ƙuda ne."

"Ƙudan ma ba a duba masa."

Yara suka kwashe da dariya, ya janye hannu ya sa a aljihu. Shi ya koya wa yaran nan dokar da bakinsa, bai taɓa sanin tana da nauyi haka ba.

Daga gindin bishiya murya ta taso, mai ita ba ta ko motsa wuya ba. "Auta. Yaran can na rumfa tsoron gishiri suke. Je ka sa wa miya tafi biyu, ka dawo."

Sansani duka ya ji sunan. Ya san daga yau ya shiga uku, amma ya tafi, ya ɗaga murfin tukunya, ya zuba tafi biyu, idonsa na kan rafi inda ake tura ƙafar kadarko ta biyu. Ya koma. Can da rana ta take, ana shimfiɗa gorar takawa, wata ta yi ƙara, ya zabura. Aka ce ba komai, zama take yi. Ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, ya yi ta kai da kawowa, ƙafa ta kai shi rumfa. Ya tsaya a kan tukunya yana tunani. Yaya ta aike shi, wannan ya tuna. Ko ya zuba, wannan ne ya ɓace masa ɓat. Ya tambayi yaran girki, suka ce su suna wajen wanke shinkafa. Gara a yi da a bari, ya zuba tafi biyu, ya fita yana leƙen rafi.

Aka busa usur. Inna ta miƙe, ta kakkaɓe zane. Shugaba ta kifa mata hular kwano a kan ɗankwali, ta tsaya can sama a karkace, ta ɗaura mata igiya a kugu. Aka ce ta ajiye ludayi, ta ce tare suka zo. Ta yi bisimilla ta ɗora ƙafa, ko kallon ƙasa ba ta yi ba.

Baba Ƙulli ya dubi wancan ƙetaren, ya ga babu babba ko ɗaya da zai tarbe ta in ta sauka. Bai yi shawara da kowa ba, ya juya ya nufi gadar siminti, yana ɗingishi yana dafa shuɗin ƙarfe, yana sauri irin wanda likita ya hana. A tsakiyar gadar ya kama kansa yana sa wa wanda ya gina ta albarka. Ya duba ko wani ya ji.

Ya iso bakin kadarko ta ɗaya gefen daidai lokacin da ta kai tsakiya, kan mahaɗarsa. Gora ta lanƙwasa, igiya ta yi kuka. Inna ta tsaya cak.

Fili ya yi tsit. Shugaba ta ƙara naɗa igiyar tsaro a hannu. Shi kuwa sai ya ji duk ƙullin da ya taɓa yi a duniya yana kwancewa a cikin kansa.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Kallo nake." Ta nuna da ludayi. "Ashe daga nan ana hango har cikin rumfata. Kai, yaron can, rage wa tukunyar nan wuta."

Ta ƙarasa a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, ta sauka. Ya kama hannunta, ita ma ta riƙe nasa ya ɗan daɗe. Bayansu yara sun ɓarke da sowa, sun jeru suna hawa, ɗan ƙaramin nan yana nuna wa kowa ƙullinsa.

Da aka zauna cin abinci, doguwar yarinyar ce ta fara kai loma. Ta runtse ido, ta ɗaga cokali sama ta sanar cewa miyar kadarko tana nan, ko da Inna ba ta taɓa tukunya ba. Aka yi ta tafi ana bubbuga kwanuka, ana rige-rigen zuwa randa. Shugaba ta ce wannan kam sai ta gaya wa kwamiti, abin da ya yi kansa da kansa ba a soke shi.

Baba Ƙulli ya ɗanɗana. Gishirin ya kai masa har ƙeya. Ya zauna da cokali a hannu, ya dubi rumfar, ya dubi kadarko, ya ga yadda mai tsayuwa a kan tukunya ke fuskantar tsakiyar rafi sak. Shekarun nan duka da yake takawa da ƙirji a buɗe ana yi masa tafi, wata tana tsaye a can da gishiri a hannu, ba ta san ko ta zuba ko ba ta zuba ba. Shi kuma yana cikin masu dariya. Kunya ta kama shi, da tausayi, da wani daɗi da ya cika masa ido har ya fake da gishirin.

Inna na gefensa, hular kwano har yanzu a kanta, ta ce ta saba da ita. Ta sha miyar tana juya ta a baki, kamar mai auna aikin almajirin girki.

"Sau nawa ka zuba?"

"Biyu, Yaya."

"Da sauƙi. Shekarar da ka fara hawa sau huɗu na zuba." Ta tura masa kofin ruwa. "Sha, Auta. Baɗi ma kai ne a kan tukunya."